Manhajojin kyauta ga ƙungiyoyin al'umma: waɗanda ke aiki babu intanet, da yadda ake riƙe bayanai

Da wuya a shiga wata unguwa a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai ba a tarar da ƙungiya ba: ta mata masu asusu, ta manoman rani, ta iyayen ƴan makaranta, ta matasa, ko ta ƴan asalin wani ƙauye da ke zaune a birni. Haka abin yake a Garwa da Marwa na Kamaru, a Anjamena, da zangunan Kumasi da Akara. Aikin ofis na irin waɗannan ƙungiyoyi ba shi da yawa: sunayen membobi, lissafin kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, rahoton taro, wasiƙa zuwa ma'aikatar magajin gari, wani lokaci kuma rahoto ga masu ba da tallafi. Duk wannan akwai manhajojin da ke yin sa ba tare da an biya ko dala ba.

Inda ake samun tangarɗa daban ne. A ƙungiyoyi da dama, bayanan duka suna cikin wayar mutum ɗaya, galibi sakatare, a kan lambarsa da adireshinsa na imel. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka sace ta, ko mai ita ya tafi Libiya neman kuɗi, ko aka yi zaɓe ya faɗi ya yi fushi, sai ƙungiya ta koma kamar yau aka kafa ta. Don haka kafin a rungumi kowace manhaja, akwai abin da ya kamata a bincika: a ina take ajiye bayanan, wa ke riƙe da mabuɗin, kuma tana aiki idan babu rezo?

Kyauta iri biyu, da ta uku mai tsada

Kalmar kyauta tana rufe abubuwa biyu da Faransanci ya raba. Akwai abin da ake kira gratuit, wato ba a karɓar kuɗi, amma kamfani ne ke da kayan, shi ke gindaya sharuɗɗa, kuma yana iya canza su ko rufe hidimar duk lokacin da ya ga dama. WhatsApp, Facebook, Gmail da Google Drive duk a nan suke. Akwai kuma wanda ake kira libre, manhaja mai ƴanci, wadda rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga kowa. Ba'amurke Richard Stallman ne ya assasa wannan tafiya da shirin GNU a 1983, kuma ya tsaya a kan ƴanci huɗu: a yi amfani da manhajar don kowace buƙata, a binciki yadda take aiki a gyara ta, a kwafa a ba wani, a kuma rarraba wadda aka gyara. Ga ƙungiyar ƙauye, ƴanci na uku ya fi kowanne amfani. Mutum ɗaya zai iya sauke manhajar a birni inda intanet ke da ƙarfi, ya zuba ta a kile, abin da a Najeriya ake kira filash, a ɗora wa kwamfuta ashirin ba tare da an karya dokar kowa ba.

Iri na uku shi ne wanda ya fi yawa a kasuwannin yankin: Windows da Microsoft Office da aka fasa, waɗanda mai gyara ke ɗorawa a kan jika ɗaya ko biyu. Ana ganin araha ce, amma ƙananan manhajojin da ake fasa lasisi da su na daga cikin sanannun hanyoyin shigar cutar kwamfuta, kuma sau da yawa mai ɗorawa yakan kashe kariyar na'urar don fasawar ta zauna. Ƙungiyar da ke ajiye sunayen mutane ɗari biyu da lissafin kuɗinsu a kan irin wannan kwamfuta ta bar ƙofa a buɗe.

Dalilin fifita abin da ke aiki babu intanet

Tsadar mega kaɗai ta isa hujja, amma tarihin ƴan shekarun nan ya ƙara wasu. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta daga watan Maris na 2018 har zuwa Yulin 2019. A Kamaru yankunan masu magana da Ingilishi sun yi kusan wata uku babu intanet a farkon 2017. A Nijar an katse intanet na wayar salula kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, a jihar Zamfara kuma an rufe layukan waya gaba ɗaya a Satumban wannan shekara. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga matsala a rana ɗaya. Ga kuma wuta: bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar, wanda a lokacin shi ne kaso mafi girma na wutar da ƙasar ke amfani da ita, har zuwa Maris na 2024. Ƙungiyar da ba ta iya buɗe littafin lissafinta sai da rezo, ranar taro tana iya zama a banza.

Wannan ne ma ya sa kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi ta tebur dacewa da ofishin ƙungiya, ko da tsohuwa ce: batirinta na riƙe aiki idan wuta ta ɗauke. Na'urar daidaita wuta da mayafin da za a rufe kwamfutar lokacin hunturu sun fi wata sabuwar manhaja tsawaita mata rai.

LibreOffice da littafin lissafi

Manhajar farko da kowace ƙungiya ke buƙata ita ce LibreOffice. Ta fito a 2010 daga tsohuwar OpenOffice, kuma wata gidauniya mai mazauni a Jamus, The Document Foundation, ke kula da ita. A cikinta akwai Writer na rubuta wasiƙa da rahoto, Calc na jadawalin lissafi, da Impress na gabatar da bayani a allo. Tana aiki da Faransanci da Ingilishi da Larabci, tana buɗe fayilolin Word da Excel, tana kuma mayar da takarda PDF da dannawa ɗaya. Girmanta bai kai mega ɗari huɗu ba, kuma da zarar an ɗora ta ba ta sake neman intanet. Masu shakkar ingancinta su lura cewa jandarmomin Faransa sun koma OpenOffice tun 2005, kuma a 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice.

Tana da nata gazawar. Takardar Word mai tarin jadawali da ƙawa takan ɗan karkace idan an buɗe ta a Writer, kuma wasu masu ba da tallafi suna turo fom na Excel mai ɓoyayyun umarni da ba ya tafiya daidai a Calc. Maganin na farko shi ne a tura duk takardar da aka gama a matsayin PDF. Na biyun kuwa, a gwada fom ɗin tun ranar da ya iso, kada a bari sai daren ƙarshe. Sababbin fitowar LibreOffice sun daina aiki da Windows 7, don haka mai irin wannan kwamfuta sai ya nemi tsohuwar fitowa. A waya, Collabora Office, wadda aka gina a kan LibreOffice, tana buɗewa da gyara waɗannan fayiloli.

A Calc ne ƙungiya ta fi cin riba, kuma a nan aka fi yin kuskure. Jadawalin asusu ba ya buƙatar fiye da layuka shida a tsaye: kwanan wata, lambar memba, suna, dalili, shiga, fita. Kowane zubi ko rance ya samu layinsa na kwance shi kaɗai. Umarnin SOMME, ko SUM idan manhajar na Ingilishi ce, shi ke tara jimla, kuma ba ya gajiya ko mantuwa. Sai dai yana tara abin da ya gane a matsayin lamba ne kawai. Wanda ya rubuta 1500F, ko ya sa ɗigo ya rubuta 1.500, yana iya samun jimlar da ba ta cika ba ba tare da wani gargaɗi ba, domin manhajar na iya ɗaukar na farko a matsayin rubutu, na biyu kuma a matsayin ɗaya da rabi ko rubutu, gwargwadon harshen da aka saita ta. A rubuta 1500 tsurarsa. Lambobin waya kuma a saita layinsu a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko na lambar Najeriya ko ta Gana zai ɓace.

Lambar memba tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, musamman a ƙasashen da ake rubuta suna da salon Faransanci da na Hausa a lokaci guda. Ousmane da Usman mutum ɗaya ne, haka Hadjara da Hajara, amma kwamfuta mutum biyu take gani. A ƙungiyar da ke da Mariyama biyar, lamba ce kaɗai ke hana a rubuta bashin wata a kan wata.

Duk da haka, kada Calc ya kori littafin takarda. Littafin da ake rubutawa a gaban jama'a, ma'aji da shugaba su sa hannu, shi ne shaidar da kowa ya yarda da ita, har da waɗanda ba su taɓa kama kwamfuta ba. Jadawalin kwamfuta abokin tafiyarsa ne: yana gano kuskuren tarawa, yana fitar da rahoton shekara cikin minti kaɗan. A ƙarshen kowane wata a buga shafin a kan takarda, a karanta a taro, a liƙa a littafin. Lissafin da mutum ɗaya kaɗai ke iya gani yana haifar da zargi ko da babu cuta a cikinsa.

Tsohuwar kwamfuta

Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshin ƙungiyoyi na hannu ne, ko dai an sayo su a kasuwa ko wani shiri ya bari bayan ya ƙare. Microsoft ya daina gyaran tsaro na Windows 7 a Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Wannan bai sa kwamfutar ta zama shara ba. Linux, wanda ɗalibi ɗan ƙasar Finlan Linus Torvalds ya fara a 1991, yana da nau'o'i marasa nauyi da ke tafiya a kan na'urar da ta haura shekara goma. Linux Mint ya fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows, kuma yana zuwa da LibreOffice a ciki. Emmabuntüs an yi shi ne a Faransa musamman don farfaɗo da kwamfutocin da ake ba ƙungiyar agaji ta Emmaüs, kuma an yi amfani da shi a ɗakunan kwamfuta na makarantu a Togo.

Ana iya gwada Linux daga kile ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, kuma haka ya kamata a fara: a duba ko wifi na kamawa, ko sauti na fita, ko na'urar buga takarda na amsawa. Shawara mai ɗaci amma ta gaskiya ita ce, idan babu ko mutum ɗaya a garin da ya iya Linux, ƙungiya ta yi tunani sau biyu. Masu gyara da yawa Windows kaɗai suka sani, kuma matakinsu na farko idan an kawo musu matsala shi ne share komai.

Tattara bayanai da waya

Ƙungiyar da ke ƙidayar rijiyoyin da suka lalace, ko yaran da ba su da takardar haihuwa, ko manoman da suka karɓi iri, ta san wahalar takardun tambayoyi: buga su, ɗaukar su a babur, sannan wani ya zauna kwanaki yana kwafewa. KoboToolbox an yi shi ne don wannan aiki. Masu bincike biyu, Phuong Pham da Patrick Vinck, suka fara shi a 2005, ya daɗe ƙarƙashin wata cibiyar ayyukan jin ƙai ta jami'ar Harvard, kuma yau hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji na amfani da shi a ko'ina. Ana tsara fom a shafinsa na intanet, a sauke shi sau ɗaya a manhajar KoboCollect ta wayar Android, sannan a shiga ƙauyuka a cike shi babu rezo. Amsoshin na zama a cikin wayar har a dawo inda ake samun intanet a tura su, a kuma sauke su a jadawalin da Calc ke buɗewa.

Fom ɗin na iya ɗaukar hoto, murya, da wurin da aka tsaya a taswira. Yana iya tsallake tambayar da ba ta shafi mutum ba, yana iya ƙin karɓar shekaru 250 idan yatsa ya zame. Ana kuma iya sa tambaya ɗaya cikin harsuna da yawa, mai tambaya ya juya daga Faransanci zuwa Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci a tsakiyar hira. Wannan ya fi barin kowane ma'aikaci ya fassara da ka, domin tambayar da aka fassara iri biyar amsa iri biyar take kawowa. Tsarin kyauta na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba yana da iyakar adadin amsoshin da za a tura a wata, amma ƙaramar ƙungiya da wuya ta kai ta.

Sauƙin ya zo da haɗari. Da yake ƙara tambaya ba ya cin takarda, sai a riƙa tambayar abin da ba a buƙata: lambar katin ɗan ƙasa, yawan shanu, kuɗin da ɗa ke aikowa daga waje. A yankunan da ake fama da satar mutane don kuɗin fansa, kamar kan iyakar Maradi da Katsina da Zamfara, ko wuraren da masu ɗauke da makamai ke karɓar haraji a Tilaberi da Difa, jerin sunayen masu dukiya ko waɗanda suka karɓi tallafin kuɗi yana iya jefa rayuka cikin haɗari idan wayar ta faɗa hannun da bai dace ba. Abin da ba a tattara ba, ba a iya sace shi. Akwai kuma doka: Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ke sa ido a kanta. Gana na da tata tun 2012, Najeriya ta yi sabuwa a 2023. Ginshiƙinsu ɗaya ne: a gaya wa mutum dalilin karɓar bayaninsa, a nemi yardarsa, kada a yi amfani da shi don wani abu daban.

Ɗakin karatu, rediyo da taswira

Kiwix manhaja ce da ke buɗe Wikipedia da wasu tarin littattafai babu intanet. Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fito da ita a 2007, kuma shirin Afripédia ya kai ta jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci daga 2012. Ana sauke fayil ɗaya, Wikipedia ta Faransanci, ta Hausa, ta Larabci, ko sashen kiwon lafiya kaɗai, a kwafa daga kile zuwa kile. Ƙungiyar iyayen ƴan makaranta da ke da kwamfuta ɗaya ta samu ɗakin karatu ke nan.

Gidajen rediyon al'umma sun daɗe da sanin Audacity wajen yanka da haɗa murya, kuma ƙungiyar da yawancin membobinta ba sa karatu za ta iya amfani da ita ta mayar da rahoton taro saƙon murya na minti uku. VLC na buɗe kusan kowane irin bidiyo da sauti. GIMP da Inkscape na yin fosta da tambari, ko da yake koyonsu na ɗaukar lokaci. OsmAnd da Organic Maps suna ajiye taswirar ƙasa guda a waya daga bayanan OpenStreetMap. LocalSend kuma na tura fayil tsakanin waya da kwamfuta a kan wifi ɗaya, ko da wanda wata waya ta raba ne babu mega a ciki.

Haruffa masu lanƙwasa

Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ƙungiyoyi na da ƙarin dalilin rubuta takardunsu da ita, kuma nan take ake cin karo da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda babu su a allon rubutu na AZERTY ko QWERTY. A waya abin mai sauƙi ne: Gboard na da Hausa a cikin harsunansa. A kwamfuta akwai Keyman, manhajar kyauta ta cibiyar SIL. Wanda ba ya son ɗora komai yana iya rubuta lambar harafin a Writer ko Word ya danna Alt da X tare: 0253 na ba da ɓ, 0257 ɗ, 0199 ƙ, 01B4 kuma ƴ. Hanya mafi dacewa ita ce a yi haka sau ɗaya, a saka haruffan a cikin gyaran rubutu na kai tsaye, ta yadda duk lokacin da aka buga wata alama da aka zaɓa sai harafin ya fito. Idan aka buga takarda aka ga ƙananan akwatuna a madadin haruffan, salon rubutun ne bai ƙunshe su ba. Charis SIL, Andika da Noto duk kyauta ne kuma suna da su.

WhatsApp da kwaɗo uku

Babu amfanin a ce wa ƙungiya ta bar WhatsApp. A can jama'a suke, kuma saƙon murya ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su yi boko ba. Amma dandalin sanarwa ne, bai dace da ajiya ba. Hoton rasit da aka tura a zauren ƙungiya yakan nutse cikin gaisuwar Juma'a, manhajar na rage ingancinsa in ba a tura shi a matsayin takarda ba, kuma yana tafiya da wayar idan ta lalace. Ga saƙonnin da ke buƙatar sirri, Signal manhaja ce mai ƴanci da ke aiki kusan iri ɗaya.

Damfarar da ta fi cin ƙungiyoyi ba ta buƙatar wata fasaha. Wani ya kira, ya ce daga ƙungiya yake, za a yi taro ta intanet, an turo lamba shida ta saƙon waya, a karanto masa. Wannan lambar ita ce mabuɗin rajistar WhatsApp ɗin wanda aka kira. Da ya faɗe ta, asusunsa ya koma wata waya, ɓarawon kuma ya shiga roƙon kuɗi da sunansa a wurin ƴan uwa da membobi. Kariya biyu ce: kada a faɗa wa kowa lambar da ta zo ta saƙo, kuma a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin manhajar. Wannan ya cancanci minti goma a taron wata, a bi wayoyin membobi ɗaya bayan ɗaya. Masu kula da zaure kuma su tuna cewa dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, wadda aka tsaurara a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar sadarwar zamani.

Game da mallakar asusu, matan Nijar sun riga sun samo tsarin. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a yankin Maradi a 1991 kuma salonsu ya bazu zuwa ƙasashe da dama, sun ginu ne a kan cewa kuɗin jama'a ba ya zama a hannun mutum ɗaya. A yawancin ƙungiyoyin asusu irin wannan, akwatin ƙarfe kwaɗo uku gare shi, mabuɗan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana gidan ta huɗu. Haka ya kamata a yi wa asusun intanet. A buɗe imel da sunan ƙungiya, a kan layin waya da aka ware mata, a yi rajistar Kobo, Drive da shafin Facebook duk da wannan adireshi. A rubuta kalmar sirri a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardar izinin ƙungiya, shugabanni biyu ko uku su san ta. Zauren WhatsApp da shafin Facebook su kasance da masu kula aƙalla uku. Idan mai kula ɗaya tilo ya fice, WhatsApp da kansa yake ɗora wani memba ba tare da tambayar kowa ba. Ƙungiyar da asusunta suka yi yawa na iya tara kalmomin sirrin a KeePassXC, wadda ke kulle su a fayil ɗaya babu intanet.

Layin wayar ma yana son kulawa. Kamfanonin sadarwa kan karɓe layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani, kuma duk saƙon maido da kalmar sirri can zai tafi. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, amma tun ƙarshen 2023 yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. WhatsApp kan share nasa bayan kimanin kwana 120 na rashin haɗuwa da intanet.

Kwafi uku

Ƙa'idar da masana ajiya suka saba bayarwa ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga ƙungiya wannan na nufin kwamfutar ofis, kile ko faifan ajiya da ke gidan wani shugaba, da kuma kwafi a Drive duk lokacin da aka samu rezo. Gobara, ambaliya ko ɓarawo da ya shiga ofis yana kwashe kwamfuta da kilen da ke cikin aljihun teburin tare. Sunan fayil ya fara da shekara da wata, misali 2025-03 rahoton taro, don su jeru da kansu.

Kile na da cututtuka biyu da suka yi ƙaurin suna. Ta farko ita ce wadda masu gyara ke kira raccourci, wadda ake ɗaukowa a shagunan buga takardu: fayiloli su ɓace, wasu alamomi masu kama da su su maye gurbinsu, kuma danna su na yaɗa cutar. Yawanci fayilolin na nan, ɓoye su aka yi, kuma idan aka buɗe kilen a kwamfutar Linux ana ganinsu a kwafe. Kada a yarda a share kilen kafin a gwada wannan. Kilen da ake kai wa shago ya zama daban da na ajiya. Ta biyu ita ce kile na jabu, wanda aka rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai kai takwas ba. Yana karɓar fayiloli kamar gaske, sai ranar buƙata a tarar sun lalace. Ƙaramar manhaja H2testw a Windows, ko F3 a Linux, na gwada ainihin girmansa, kuma ranar da aka sayo shi ya kamata a yi gwajin.

Ranar miƙa ragama ga sababbin shugabanni, kalmomin sirri, layin waya, kile da kwamfuta su shiga cikin takardar miƙa kaya tare da hatimi da littafin banki. A canza kalmomin sirri a zaman, a gyara jerin masu kula da zaure, sannan sabon sakatare ya ɗauki kilen ajiya ya buɗe shi a wata kwamfuta daban a gaban kwamiti, ya nuna jadawalin watan da ya gabata kafin a sa hannu.